Mai Kawo Kwalba Ita Ke Fara Sha

Zuwa ga Rifkatu, Maman Dauda, a Gaithersburg.

"In asirin teburin nan ya tonu, ni zan fara miƙewa. Ni na tara ku, kuma muddin ina numfashi ba wadda za ta sha kunya ita kaɗai."

Kin gane maganar? Taki ce. A ɗakin cin abincina kika faɗe ta shekara huɗu da suka wuce, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan riƙe da ƙoƙon mahaifiyarki. Na sa ta gaban gaisuwa don kada ki ce ba ki san abin da ya kawo ni ba.

Yanzu gaisuwa, tunda an yi mana tarbiyya. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da Baban Dauda da yara. Yaya ƙarfin jiki, yaya wurin da aka yi miki aiki? Wannan ta ƙarshe da zuciya ɗaya nake tambaya, ko da sauran na al'ada ne.

Sau biyu na rubuto miki a rufe, shiru. Na buga waya har na haddace muryar mijinki a na'urar ɗaukar saƙo. Daga Bowie zuwa ƙofarki tafiyar awa ɗaya ce a mota, amma wasiƙar da na aika wa ƙanwata a Pankshin ta je, amsarta ta dawo, taki ba labari. Saboda haka wannan a buɗe take. Na buga ta a tafiretar ɗakin karatun da nake aiki, na ba Ladi kwafi, na ba Alheri ɗiyar Jummai. Na ce su riƙe zuwa ranar da zan ambata a ƙarshe. Bayan ranar, ta zama ta kowa. Don haka ki yi haƙuri da ni in na faɗi abin da kin riga kin sani.

Mu huɗu ne: ke, ni, Ladi da Jummai. Ke kika tara mu. An gayyace ku cin abinci a gidan shugaban mijinki na wurin aiki, aka zuba miki jan ruwan inabi, matar gidan ta tambaye ki yadda kika ji shi. Kafin ki buɗe baki wata baƙuwa ta amsa a madadinki, wai a ƙyale ki, a ƙasarku ba a san irin wannan ba. Washegari kika iso gidana ɗankwali a karkace, kina huci. Kika ce ke da aka yaye ki a gindin tukunyar burkutu, kika iya bambanta na jiya da na yau tun ba ki iya ɗaura zane ba, wata ce za ta koya miki abin da ya nuna? Kika ce sai mun san abin nan fiye da masu shi.

Ni na kwaso littattafai, ke kika kafa dokoki. Asabar ta farkon kowane wata, bayan abincin rana, a gidana, tunda mijina Baban Yakubu ɗan Katolika ne, bai ga abin ɓoyewa a kwalba ba. Kwalba biyu, ba ƙari. A naɗe su cikin jakar takarda don kada suna ko ƙasa ta ruɗe mu. Burodi da ruwa a tsakani. Ƙarfe biyar kowa ta kama hanya, akwai tuwo a gaba.

Sai babbar doka, wadda kika gada: mai kawo kwalba ita ke fara sha. Kika ce Mama, mahaifiyarki mai dafa burkutu, ba ta taɓa miƙa wa baƙo ƙwarya ba sai ta fara kurɓa a gabansa, in da mugun abu ya fara da ita. Shi ya sa kurɓin farko ba a gilashi muke yinsa ba, a ƙoƙon nan nata ne, wanda kika taho da shi a ƙasan akwati, ya yi baƙi don tsufa.

Littattafan Turawa suna ta zancen 'ya'yan itatuwan da ba mu taɓa gani a reshe ba. Muka ture su gefe muka yi da harshenmu. Wannan yana da baurin ɗanyar kanya. Wancan zoɓo ne da ya je makaranta. Wani na Italiya, kika lumshe ido kika ce ɗinya ce da ƙanshin rumbu, sai muka ga hawaye. Hukunci hawa huɗu ne: a kai wa suruka, a ba baƙo, a zuba a nama, a wanke ƙafa. Kin tuna ranar da muka yanke wa kwalbar Ladi wankin ƙafa, aka buɗe takarda, ashe ita ce ta Faransar da ta yi mako tana mana yanga da ita? Ta ce ba laifin kwalba ba ne, harsunanmu ne ba su da fasfo. Ke kika fi kowa dariya, har burodi ya shaƙe ki.

Ba zan yi ƙaryar cewa don ilimi kaɗai muke haɗuwa ba. A teburin nan muka saurari kaset ɗin da ake aiko mana daga gida. A nan muka zauna jugum ranar da rediyo ya ce sojoji sun sake karɓar mulki, kowa tana tunanin nata. Awa uku ne a wata da ba mu zama matar wani ko uwar wani ko baƙar ma'aikaciyar da ake tambaya daga ina take ba.

Jummai kuwa, a shekara huɗun nan ko ɗigo bai taɓa wuce leɓenta ba. Ki sake karanta wannan layin. Tana shekara tara aka tsamo gawar mahaifinta daga kududdufin haƙar kuza, ya taso daga wurin sha ranar kasuwa. Tun ranar ta rantse. Abin da ke kawo ta wurinmu shi ne tun da Baban Alheri ya rasu gidanta na Fort Washington ya yi mata faɗi, kuma a teburinmu ne kawai take dariya har ta dafe ciki. Ita ke zagaye rabin Maryland da tsohuwar motarta ta kwaso ku, ita ke mayar da ku. Takan ɗauki gilashi ta shinshina ta ajiye, kuma hancinta ya fi harsunanmu uku. In ta ce wannan ya sha rana a kanti, to ya sha. Kofinta na shayi ne.

Tunda hannunta ne kaɗai babu gilashi, ita muka ba alƙalami. Duk abin da kowace ta faɗa, yadda ta faɗe shi, haka take rubutawa a littafi mai baƙin bango. Ke kika ce kada a sa sunan kowa, ko da wani miji zai tsince shi, kika kuma sa muka yi alkawarin ba wadda za ta tona wata. Muka yaba wa wayonki. Mu huɗu, da digiri da difloma, ba wadda ta tuna cewa rubutun hannu ma suna ne.

Bara aka ga ƙari a nononki, aka yi miki aiki. An ce ba a yi wa mara lafiya gori, to yau zan yi, don Alheri tana karantawa, ya kamata ta san inda uwarta ke zuwa kowace safiya a watannin sanyin nan. Ta sauko daga aikin asibiti, ta tuƙa cikin dusar ƙanƙara har gidanki ta wanke miki ciwo, saboda kin ce ba ki son baƙon ido ya ga wurin.

Na san tsoron da kika ji, na gan shi a idonki. Da mai wa'azin nan ya zo daga gida ya ce cuta ba ta shiga gida sai ta tarar da ƙofa a buɗe, kowa ya fito da abin da ya ɓoye, na san maganar za ta same ki a inda ba ki warke ba. Da kin zo kin ce, Maryamu, na bar sha, da na rungume ki na ɗora miki ruwan shayi tare da na Jummai. Ba zan yi jayayyar aya da ke ba, ko da yake kin san in za a yi, dattawan cocinmu biyar ba za su kai la'asar ba. Tubanki tsakaninki ne da Allah. Abin da ya shafe ni shi ne bayan wa kika hau zuwa wurin tuban.

Kika ari littafin a hannun Jummai, wai kina so ki tuna kwanakin daɗi. Ta ba ki har da murmushi. Ran Lahadi, a ɗakin ƙasan cocin da muke aro don sujadar Hausa, lokacin shaida ya yi, kika miƙe cikin farin zane kika ce wasu mata sun ja ki zuwa teburin giya, Ubangiji ya cece ki. Wasu mata. Sun ja ki. Kika ajiye littafin a gaban Fasto yadda sababbin masu tuba ke kawo layu a ƙona. Aka yi ta halleluya, aka tayar miki da waƙa.

Ba a ƙona shi ba. Dattawan ikilisiya suka buɗe. Shekara shida Jummai ke sakatariyar zumuntar mata, ba gidan da bai san yadda take lanƙwasa wutsiyar harafi ba. Shafi bayan shafi da hannunta: na sha ya yi mini daɗi, wannan ya hau mini kai, a ƙara mini. Wannan ta ƙarshen taki ce, ranar da kika cika arba'in da biyar.

Suka kira ki suka tambaya ko rubutun Jummai ne. Kika ce i. Ba su ƙara tambaya ba, ke ma ba ki ƙara amsa ba. Na san za ki ce ba ki yi ƙarya ba, kuma haka ne. Kin dai auna musu gaskiya da cokalin shayi, kika mayar da buhun ɗaka.

Suka kira Jummai. Ta ce ba ta taɓa sha ba. Suka ce to maganar wa ta rubuta? Ta ce ta yi alkawari, ba za ta faɗa ba. Kin ji? Alkawarin da mai shi ta tattake, ita ce ke ɗauke da shi a ka. Suka sa ta horo sai abin da hali ya yi: benci na baya, ba cin Jibin Ubangiji tare da masu bi, ba zanen zumunta, aka karɓe littafin taro daga hannunta. Ke kuma aka ba ki jagorancin addu'ar mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ki ɗauka wanke kaina nake yi. Lahadi biyu na zauna a gaba ina jin ta a bayana kamar garwashi a ƙeya, ban waiwaya ba. Na ce wa kaina ke nake jira tunda ke kika yi alkawari. Ƙarya ce, tsoro nake ji. A ta uku na je wurin dattawa na ce ni na sha, a gidana ake yi, Jummai shayi take sha. Babbansu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, Maman Yakubu, mai sha ba ya shaidar mai sha. Wani ya ƙara da cewa dama me ake tsammani daga matar ɗan Katolika mai yawan karatu. Suka ce bakin mutum ɗaya ne kawai za su yarda da shi, na wadda ta tuba ta kawo littafin. Wato naki. Na so in kira sunanki a wurin, amma Jummai ta riga ta ɗaure ni tun a mota. Ta ce, bari Rifkatu ta zo da ƙafarta, ba ta gama warkewa ba. Tun ranar a bencin baya nake zama kusa da ita. Kin sani, don na ga yadda wuyanki ya daina juyawa hagu.

Bikin Alheri saura mako bakwai. Kin san doka. Wadda ke cikin horo ba ta zama a kujerar uwar amarya, ba ta raka ɗiyarta gaba, matan zumunta ba za su yi mata waƙar shiga ba. Matar da ta rasa miji, ta yi renon yarinya ita kaɗai a ƙasar mutane da aikin tsaye, za ta leƙa auren ɗiyarta ta bayan kawunan baƙi. Uwar ango ta riga ta aiko wasiƙa daga Kafanchan tana tambaya, cikin ladabin da ya fi zagi zafi, ko abin da suka ji gaskiya ne.

Ran Talata Alheri ta zo ta zauna a kicin ɗina. Ta fara da Hausa, kuka ya ci ƙarfinta ta koma Turanci. Ta ce in uwarta ba za ta zauna a gaba ba, ita ma ba za ta taka cocin ba. Sai ta tambaye ni me Anti Rifkatu take jira. Ke kika yi mata kitson farko a ƙasar nan, tana zaune tsakanin ƙafafunki tana cin gyaɗa. Na ce zan tambaye ki, ga shi ina tambaya.

Rifkatu. Ƙawata. Bari in sauke murya, ni ma ta gajiyar da ni.

Muna aji biyu a makarantar kwana, ranar ziyara, Mama ta taho da ƙafa daga ƙauye ɗauke da ƙwaryar soyayyar gyaɗa. Zanenta na warin tsiron burkutu da hayaƙi. 'Yan mata suka fara raɗa, ga mai giya, ga mai giya. Kika gudu bayan ɗakin wanka. Ta tsaya a rana a bakin ƙofar makaranta tana tambayar duk wadda ta wuce ina ɗiyarta. Ni na je na durƙusa na karɓi ƙwaryar, na ce ba ki jin daɗi, kina kwance. Ta dube ni, ta gane, ta ce, ki ce ta ci kafin ta yi laushi. Ba ni ke tona wannan ba. Ke da bakinki kika ba da labarin a teburi ranar da kika fara fito da ƙoƙon, kika ce Mama ta rasu ba ki nemi gafararta ba, kuma ba za ki ƙara barin wani tsaye a rana ba.

Yau ma akwai mace a rana, ke kina bayan ɗakin wanka. Sai dai wannan tana da rai, kuma kin san lambar wayarta da ka.

Na san abin da kike gudu. Kada a sake ce miki 'yar mai giya, bayan kin sha wuya kin zama Maman Dauda mai farin zane. Za a faɗa, ba zan yaudare ki ba. Za a yi mako biyu ana faɗa, sannan wani ya sayi sabuwar mota a koma kansa. Ke da kika shiga ɗakin tiyata kika fito, dattawa biyar da tabarau ba su kai wuƙar likita ba. Kuma ba a bencin baya ake mutuwa ba, na zauna na gani. Iska ma ta fi shiga.

Ina jin haushinki kamar ƙirjina zai tsage, amma shekaranjiya na ga wata mata a kanti ta sa hular gashi a baibai, kafin in ankara na ce a raina sai na ba Rifkatu labari. Na tsaya a layin biya ina share ido kamar wawuya. Tun ranar shaidarki ban buɗe kwalba ba. Ba tuba na yi ba, ban ga wadda zan tambaya me ta ji ba ne.

To ga magana. Dattawa za su zauna Asabar ta ƙarshen wannan wata, ƙarfe goma na safe, kuma shi ne zamansu na ƙarshe kafin biki. Ki je. Ban ce ki koma sha ba, ban ce ki kare ni ko Ladi ba. Abu uku kawai za ki faɗa: ni na tara su, yawancin maganar cikin littafin tawa ce, Jummai ba ta taɓa sha ba. In kina son rakiya zan zo in ɗauke ki, in jira ki a mota, kuma ba zan ce uffan a hanya ba. Kin san yadda hakan zai yi mini wuya.

In rana ta faɗi ranar ba ki je ba, ga abin da zai faru washegari. Lokacin shaida zan miƙe. Ladi ma za ta miƙe; ta yi kukanta ta gama, ta ce ko mijinta zai yi wata bai mata magana ba, dama hutu take nema. Zan roƙi Fasto ya fito da littafin a gaban jama'a. Kin san aikina adana takarda ne: kowace kwalba da muka buɗe na jiƙa ta na ɓare takardar jikinta na ajiye, a bayan kowace na rubuta wata da sunan wadda ta kawo. Babu sunan Jummai ko a ɗaya, naki kuwa ya fi na kowa yawa. Za mu bi littafin shafi-shafi, in ce wannan maganata ce, Ladi ta ce wannan tata ce. Abin da ya rage ba mai shi, zan karanta da ƙarfi, in dubi inda kike zaune. Ɗinya da ƙanshin rumbu. Kowa a ɗakin nan ya san bakin da ke irin wannan magana.

Zan karya alkawarin teburi ke nan, kuma Jummai za ta yi fushi da ni. Na yarda. Gara ta yi fushin tana zaune a kujerar uwar amarya. Ran Litinin kuma in naɗe ƙoƙon Mama, wanda har yau yake cikin kabad ɗina, in aiko miki ta gidan waya, ba ko 'yar takarda a ciki. Daga nan in mun haɗu za mu gaisa kamar yadda ake gaisawa a coci.

Allah ya ƙarasa warkar da ke, ya hana ciwon nan dawowa. Ya ba ki ƙafar da za ta kai ki ƙofar dattawa, ya ba ni bakin da zai iya yin shiru in kin je. Ya zaunar da Jummai a kujerar da ta yi wa wahala, ya sa Alheri ta shiga gidanta da farin ciki. Ya ji ƙan Mama, wadda ba ta taɓa miƙa wa kowa abin da ba ta fara kurɓa ba. Amin.

Ke kika kawo wannan kwalbar, Rifkatu. Fara sha.

Taki tun aji ɗaya, har zuwa Asabar,
Maryamu, Maman Yakubu,
Bowie.